Gargaɗi ga Masu Neman Sandar Jifan Fofa a Teku: Ana Sayar da Jabu a Intanet

Masu shirin zuwa kamun manyan kifaye a teku su yi hattara da wasu shafuka a Facebook da Instagram da zaurukan WhatsApp da ke tallan sandunan kamun kifi na Carpenter, Ripple Fisher da Shimano Ocea Plugger a kashi ɗaya cikin uku na kuɗinsu. Hujjarsu ba ta canzawa: wai ragowar kayan masana'anta ne, ko wani shago ne ya rufe. Carpenter da Ripple Fisher a Japan ake ƙera su, kaɗan-kaɗan, har waɗanda aka yi amfani da su ba sa faɗuwa warwas a kasuwa. Araha ba ta ado.

Sai an san aikin sandar kafin a gane inda jabu ke kasawa. Fofa koto ne na katako ko roba mai buɗaɗɗen baki, nauyinsa daga giram 100 zuwa 200, ana wurga shi nesa ana fizgowa yana fasa ruwa. Kifin da aka fi nema da shi, wanda masunta ke kira GT, yana rayuwa a kudancin Oman, Maldib, Sishel da Bahar Maliya. Mafi girma a kundin IGFA, hukumar da ke ajiye tarihin manyan kifayen da aka kama a duniya, kilo 72.8 ne, an kama shi a Tokara ta Japan a 2006. Da ya cafki koto sai ya nufi duwatsun ƙarƙashin ruwa don ya tsinke zare, shi ya sa ake ɗaure birkin na'urar naɗe zare a kilo 10 zuwa 15. Duk wannan nauyin a kan sanda yake sauka.

Damfarar iri biyu ce. Ta farko, babu kayan sam. Hotunan na wani ne aka sato. Za a ce ka biya ta Western Union, ko kuɗin kirifto, ko PayPal ta ɓangaren aika wa dangi da abokai, wanda ba ya kare mai saye. Bayan kwanaki a turo lambar bin sawun kaya ta bogi, sannan a ce kwastan sun riƙe, sai ka ƙara wani abu.

Ta biyu ta fi wuyar ganewa, domin sanda tana isowa. Sai dai sandar jifa ce daga bakin gaɓa, ko wata mai siririn bango da aka fesa wa fenti aka manna mata suna. A hannu tana da kyau. Ranar da aka ɗaura mata fofa mai giram 150 aka wurga da ƙarfi, tana karyewa kusa da tsini ko a mahaɗar da jikin sanda ke shiga mariƙi. Zobban da zare ke bi su ma jabu ne: idon cikinsu yana fita ko ya tsage, ya riƙa cin zaren saƙa har ya tsinke daidai lokacin da kifi ya ja. Ƙarfensu kuwa, ruwan gishiri na taɓa shi sai tsatsa.

Kafin ka biya, karɓi cikakkiyar lambar samfurin ka gwada da kundin kamfanin. Misali, S82H a wurin Shimano na nufin tsawon ƙafa 8 da inci 2, mai ƙarfi. Tsawo, nauyi, iyakar nauyin koto da lambar zare, PE 8 ko PE 10, dole su zo daidai da abin da kamfani ya buga. Ka sa a ɗora sandar a kan sikeli a ɗauki hoto. Irin waɗannan galibi suna tsakanin giram 350 da 450. Ka nemi bidiyo da takarda mai ɗauke da sunanka da kwanan wata a gefen sandar, a matso da kyamara kan ƙafar zobba da mazaunin na'ura, inda ake buga sunan Fuji, kamfanin da ke ƙera su. Ka tambayi yadda za a aiko ta. Dogon ɓangaren ya kusa mita 2, sai a cikin bututu mai tauri, kuma kuɗin jigilarsa ba kaɗan ba ne. Wanda ya ce zai aiko kyauta daga wata nahiya, ka bar masa kayansa.

Idan ta iso, zura auduga cikin kowane zobe ka juya. In ta maƙale, akwai tsaga. Duba mahaɗa ko akwai alamar gam ko sabon fenti da ya rufe karaya. Sannan ka zura zare, ka ɗaura galan mai ruwa lita 5, ka ɗaga a hankali, sandar ba ta wuce kusurwar digiri 45 ba. Kada ka miƙe ta tsaye, domin haka ko ta gaske sai ta karye, kuma ka ba mai sayarwa bakin magana.

Wanda aljihunsa bai kai na Carpenter ba, akwai Shimano Grappler Type C da ire-irenta a wurin dillalan da kamfani ya amince da su, da rasit da garanti. In kuwa ta hannu za ka saya daga wani mutum, ka biya ta ɓangaren sayen kaya na PayPal, wanda ke ba da damar shigar da ƙorafi, ka kuma ajiye duk hirarku da hotunan da ya turo.