Sharhi kan ScotlandsPeople: neman iyayen mutumin da ya bar Tiree

Surukata, wato Mama, 'yar Kanada ce, a Ontario aka haife ta, amma tushen gidansu tsibirin Tiree ne da ke yammacin Sikotland. Abin da dangi suka riƙe shi ne kakan kakanta ya shiga jirgin ruwa yana saurayi wajen 1850. Shekarun yunwa ne, cutar dankali ta cinye amfanin gona tun daga 1846, mai ƙasar kuma, Duke na Argyll, yana biya wa talakawa kuɗin jirgi su tafi Kanada. A dutsen kabarinsa akwai sunansa da shekarunsa da sunan tsibirin, shi ke nan. Wa ya haife shi, babu mai amsa. Mama ta ce tunda kullum ina gaban kwamfuta, in taimaka in duba mata. Haka na faɗa shafin ScotlandsPeople.

Shafin na hukumar adana takardun tarihi ta Sikotland ne, mai mazauni a Edinburgh. Yin rajista kyauta ne, binciken jerin sunaye ma kyauta. Kuɗi yana shigowa ne idan kana son ganin hoton ainihin shafin littafin. Lokacin da na saya, kiredit 30 fam 7.50 ne, hoto ɗaya kuma kiredit 6, wato fam ɗaya da rabi kowace takarda. Babu biyan wata-wata, abin da ka buɗe kuwa yana nan ajiye a asusunka. Tsarin ya yi mini, sai dai yana bukatar kame hannu. A waɗannan tsibirai sunayen ba su da yawa: Donald, John, Mary, Catherine, ga McLean da McDonald da McKinnon gida-gida. Mai buɗe duk sunan da ya yi kama da wanda yake nema, aljihunsa zai gaya masa.

Ga inda gizo ke saƙar. Gwamnati ba ta fara rubuta haihuwa da aure da mutuwa a Sikotland ba sai 1 ga Janairun 1855, mutuminmu kuwa ya riga ya tafi. Kafin nan sai littattafan cocin ƙasa, waɗanda mafi tsufansu ya kai 1553, amma a yankin tsaunuka da tsibirai da dama an makara wajen fara su, wasu kuma akwai giɓin shekaru. A 1843 cocin ta rabe, sama da kashi ɗaya cikin uku na limamanta suka fice suka kafa tasu, don haka baftismar yara da yawa ba ta shiga waɗannan littattafai ba. Jerin fasinjojin jiragen da suka bar Birtaniya ma daga 1890 aka fara ajiye shi. Na samu yara masu sunansa fiye da ɗaya da aka yi wa baftisma a Tiree a shekarun da suka dace, kowa da iyayensa daban. Ba yadda za a yi in nuna ɗaya in ce shi ne.

Wata tsohuwar wasiƙa ce ta buɗe ƙofa. Mama tana da ita a gwangwanin biskit, daga ƙanwar mutuminmu wadda ta yi aure a Glasgow, ta sa hannu da sunan mijinta. Ita ba ta yi ƙaura ba, kuma ta mutu bayan 1855. Nan ne shafin ya biya kuɗinsa. Rajistar mutuwa ta Sikotland tana kawo sunan uban mamaci da sana'arsa, da sunan uwa haɗe da sunan gidan ubanta, tana kuma faɗin ko sun rasu. Ta Ingila, wadda ta girme ta da shekara 18, ba ta kawo wannan. Ƙari a kan haka, macen aure ana iya nemanta da sunan mijinta da na gidansu a lokaci guda, abin da ya tace mini jerin nan take. Da hoton ya buɗe, layi ne guda cikin rubutun magatakarda mai karkata: uba ƙaramin manomi, ya rasu, uwa da sunan gidansu, ta rasu, a gefe ɗan mamaciyar ya sa hannu cewa yana wurin.

Ban tsaya nan ba, domin magatakarda abin da aka gaya masa yake rubutawa, ɗa kuma yana iya rikita sunan kakar da bai taɓa gani ba. Na koma ƙidayar 1841 na samu gidan: ma'auratan da 'ya'yansu, ga saurayinmu ga ƙanwar a ƙarƙashinsa. Wannan ƙidaya tana da halinta. Ba ta faɗin dangantakar mutanen gida, kuma duk wanda ya haura 15 ana rage shekarunsa zuwa biyar-biyar, mai 44 ya zama 40. Ta 1851 ta fi ta, tana faɗin waye wa da inda aka haife shi. A cikinta tsofaffin suna nan, ƙanwar tana nan, shi babu shi. Ɗaya daga cikin baftismar da na gani tun farko kuma iyayenta su ne waɗannan.

Akwai wata shaida da ba a saye ta da kiredit. Mutanen Sikotland suna da al'adar sa wa ɗan fari sunan kakansa na wajen uba, na biyu na wajen uwa, 'yar fari kuma sunan kakarta ta wajen uwa, ta biyu ta wajen uba. Bahaushe ba zai ga baƙon abu a nan ba, mu da muke cike da Abba da Ummi. Ɗan farin mutuminmu a Kanada sunan wannan manomin yake ɗauke da shi, 'yarsa ta biyu kuma sunan matar. Ba doka ba ce, ba kuma za ta tsaya ita kaɗai ba, amma da ta zo daidai da takardu uku hankalina ya kwanta.

Wanda zai gwada ya saki jiki wajen rubutun suna. Mac da Mc duk ɗaya ne, Jean takan koma Jane, Marion takan fito a Sarah, domin masu jin yaren Gaelic ne ake rubuta sunayensu da Turanci. Alamar tauraro (*) a tsakiyar suna wajen bincike tana kamo Mac da Mc duka. Hotunan rajistar gwamnati kuma suna da iyaka a intanet: haihuwa sai ta wuce shekara 100, aure 75, mutuwa 50.

Shafin ba ya ɗinka maka bishiyar dangi, takarda yake miƙa maka ka karanta da kanka, kuma na fi son haka a kan wasu shafuka da na leƙa inda mutane ke kwafar kuskuren juna har a ba mutum uwar da ta girme shi da shekara shida. Wanda bai san ko da gundumar da kakansa ya fito ba, gara ya fara tono a ƙasar da aka sauka, wasiƙu, kaburbura, sanarwar rasuwa a jarida, kafin ya sayi kiredit ko ɗaya. Mu yanzu iyayen manomin muke nema, su kuwa duk sun mutu kafin 1855. Sauran begenmu littattafan zaman dattawan coci da aka ɗora a shafin a 2021. Dubawa kyauta ne, amma babu jerin sunaye, sai shafi-shafi, Mama kuma ta ce ita za ta karɓi wannan aikin da tabaraunta.