Na'urar NIR wajen bin daskarewar rezin: abin da na gani da idona

Jama'a masu aikin faiba gilas da efoksi, an daɗe ana tambayata ko na'urar NIR ɗin nan mai auna daskarewar rezin (ruwan robar da ke yin tauri) da haske, da muke sa wa a jikin mol (mazubin da ke ba kayan siffa), tana da wani amfani ko kuwa burga ce kawai, to ga amsata. Tana aiki wallahi, amma sai idan ka sayi wadda ta dace da irin aikinka, in ba haka ba kuɗinka ne za su tafi a banza.

Yadda take yi ba wani siddabaru ba ne. Fitilar halojin ce a ciki, tana fitar da hasken da ido ba ya gani, shi ake kira NIR (near-infrared), mai tsawon zango daga wajen nanomita 780 zuwa 2500, hasken ya bi ta igiyar faiba ya shiga rezin ya dawo, sai manhajar ta zana maka inda aka shanye shi, kowane wuri ya fito kamar tozo a kan layi. Zoben efoksi, wato ɓangaren ƙwayar rezin da ke buɗewa ya haɗu har rezin ya yi tauri, yana shan nasa a wajen nanomita 2208, kuma a nan ne idonka zai tsaya. Da ka zuba hadna (ruwan da ke sa rezin ya daskare) ka gauraya, sinadarin amain (amine) da ke cikinsa zai fara fasa zobban, kana kallon allo tozon 2208 yana ta lotsawa a hankali, na amain na farko, wato wanda bai riga ya haɗu ba, da ke wajen 2025 shi ya fi saurin ɓacewa, can wajen 1430 kuma na OH (haɗin oksijin da haidurojin) yana tasowa saboda kowane zobe da ya buɗe yana haifar da shi. Akwai wani tozo na zoben benzin (wani ɓangare na ƙwayar rezin) kusa da 2160 wanda ba ruwansa da haɗuwar, da shi ake raba na efoksi don kada kaurin rezin ko motsin igiya ya rikita lissafi.

Abin da ya sa na ce ta biya kuɗinta shi ne wannan. Ka zuba rezin a zafin ɗaki, washegari ka zo ka ƙwanƙwasa da farce, ya yi tauri yana ƙara ƙwas-ƙwas, duk wanda ya taɓa zai rantse maka ya gama. Ka ɗora kan na'urar sai ka ga tozon 2208 yana nan bai mutu ba, ya dai tsaya cak wuri ɗaya, layin ya miƙe ba ya sauka. Dalili kuwa rezin ɗin ya koma yanayin gilas tun kafin haɗuwar ta ƙare, ƙwayoyin sun maƙale ba su iya motsi su sami juna. Ka saka shi a oben ka ɗaga zafi, nan take layin zai ci gaba da gangarawa. Wannan musun na ko gashi na biyu, wato saka kayan a oben bayan sun yi tauri, dole ne ko ɓata wuta ne, wanda muke ta yi da abokan aiki, allon ne ya kashe shi, kuma yanzu ba ma kashe oben sai mun ga layin ya kwanta.

Da DSC, na'urar lab mai auna zafin da rezin ke fitarwa in an ɗumama shi, muke dubawa a da, kuma har yanzu da ita nake gwada ko NIR ɗin na faɗin gaskiya, sai dai ita sai ka yanko 'yan miligiram daga jikin kayan ka kai lab ka jira, ga shi abin da ya riga ya faru take gaya maka. FTIR kuma, wata na'urar mai aiki da hasken infrared na tsakiya, saman fata kawai take gani in da ATR ne, wato manna kayan a kan ƙiristal ɗin awo. NIR na ratsa milimita ɗaya zuwa biyu na rezin ba wahala, kuma kana gani ne lokacin da abin ke faruwa.

To ga inda take ba ni haushi. Faiba kabon dai ka manta, baƙi ne, yana shanye hasken kusan duka, abin da zai dawo maka hayaniya ce kawai, sai dai ka nemi gefen mol inda rezin ya taru shi kaɗai ka auna a can kana fatan zafinsa daidai yake da na tsakiya, wanda sau da yawa ba haka ba ne a kaya masu kauri. Sannan zafi kansa yana karkatar da tozon OH, danshi kuma yana fitowa wajen 1940 ya dame maka zanen, amain kuwa akwai jan ruwa daga iska in aka bar gwangwani a buɗe. Fitilar tana son a bar ta ta ɗumama kafin a ɗauki farin ma'auni, wato awon farin abu da ake kwatanta sauran awo da shi, in ka yi gaggawa layin zai riƙa yawo. Kuma don Allah kada bakin igiyar ya taɓa rezin kai tsaye, a sa siririyar ledar raba mol ko gilashi a tsakani, domin in ya daskare a kai sai dai a yanke. Manhajar da ta zo da tamu ma ba ta da daɗin aiki, fitar da bayanai muke yi mu ƙarasa lissafin a Excel.

Babban gargaɗina ga mai shirin saye: ƙananan nan na hannu masu araha yawancinsu a 1700 suke tsayawa, ba su kai 2208 ba. Akwai wani ɗan tozon efoksi wajen 1650 amma a cakuɗe yake da na benzin, sai an yi wahalar lissafi kafin a raba su. Ka tambayi mai sayarwa iyakar zangonta kafin komai, ka kuma ce ya gwada maka a kan rezin ɗinka da hadna ɗinka, a gabanka.