Na gwada 'yar na'urar EMG ɗin nan a babban yatsana, ga yadda muka ƙare

Wata biyu kenan tushen babban yatsana na dama yana min tsami in na daɗe ina danne-dannen waya, shi ya sa na sayi irin ƙaramar na'urar nan mai auna lantarkin tsoka, wato EMG, wadda ake manna wa fata ta tura sakamako waya ta Bluetooth. Sunan kamfanin ba zan faɗa ba, irinta sun yi yawa kuma duk kusan tafiyarsu ɗaya.

Aikinta dai shi ne duk lokacin da tsoka ta ɗaure akwai ɗan lantarkin da take fitarwa, ƙanƙani sosai, da ƙyar yake kai milibolt kaɗan, to shi 'yan faifan na'urar masu man shafawa da ake manna wa fata suke ɗauka. Biyu a kan tudun naman nan na ƙasan babban yatsa, ɗaya a kan ƙashin wuyan hannu. A nan na fara shan wuya wlh, don faifan da suka zo a kwalin na manyan tsokoki ne irin na damtse ko cinya, ƙa'idar da aka saba ita ce tazarar milimita 20 tsakaninsu, shi kuma tudun nan duka-duka nawa yake, ga tsokoki uku cunkushe a ciki kusan kan juna, sai da na sa almakashi na rage gefen robar kafin suka zauna. Ga gumin tafin hannu, minti kaɗan sun fara ɗagowa.

Amma da suka zauna, gaskiya na ji daɗin abin. Na matse murfin biro tsakanin babban yatsa da manuniya ban saki ba, ina kallon zanen a waya, can sai ga layin yana ƙara tsawo alhali ni ban ƙara ƙarfi ba, saboda zaren tsokar da suka fara aikin sun gaji jiki yana tado wasu su kama musu. A lokaci guda kuma saurin kaɗawar siginar yana sauka a hankali, don saƙon lantarkin yana rage gudu a cikin tsokar da ta gaji. Wannan saukar ita ce asalin alamar gajiya, kuma ba sabon ilimi ba ne, wani Bajamushe Hans Piper ya lura da ita tun 1912. Ganin ta da idona a hannuna ya fi min komai a cinikin nan.

Inda manhajar ta ɓata min rai shi ne makin gajiya da take bayarwa kana cikin chatin. Yatsa na motsi, fata na zamewa ƙarƙashin faifan, maki ya hau ya sauka kamar mai zazzaɓi, ban yarda da shi ba ko kaɗan. Kuma kar ka kuskura ka gwada waya na jikin caja, kutsen wutar gida mai bugu 50 ko 60 a sakan zai cika maka zanen, na ɓata yamma guda kafin na gane.

Shi kuma ciwon da ya sa na saye ta, ba ta ce komai a kai ba. Likita ne ya lanƙwasa min yatsa cikin tafi ya karkata wuyan hannun, na yi ƙara, ya ce kumburin kuben jijiyoyin gefen wuyan hannu ne, De Quervain, kuma tsokokin da ke jan jijiyoyin nan suna can sama a hannu, ba inda nake ta manne-manne ba.

In ɗalibi ne kai ko mai son ka ga yadda tsoka ke gajiya, saya, amma ka nemi ƙananan faifai daban, ka goge fatar da sifirit tukun. Ni yanzu tawa tana cikin durowa, takalmin yatsa ne a hannuna, abin ɗaurin nan da ke hana shi motsi.