Tsakanin injin yankan itace na Stihl da na Husqvarna, wanne zan saya?

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Tunda ka ce manyan itatuwa za ka riƙa kayarwa kana daddatsawa, ka sayi Stihl, ka huta.

Nawa injin samfurin Stihl MS 381 ne, mai cc 72 (wato girman injin), shekararsa bakwai ke nan a hannuna. Akwai ranar da ba na mantawa. Iska ta kayar da wata tsohuwar bishiya ta tare hanya, gindinta mutum biyu ba sa iya rungumewa. Injin kuwa ya yi kusan wata huɗu a ajiye ban taɓa shi ba. Na zuba sabon mai, na ja igiya sau uku, a na huɗu ya tashi. Tun hantsi muke yanka har rana ta karkata, ban tsaya ba sai don in ƙara mai ko in wasa sarƙa da magagari. Garin katakon da yake fesowa manya-manyan ɓarɓashi ne, ba gari mai laushi ba, alamar yana cin itacen yadda ya kamata. A duk shekarun nan abin da na canza bai wuce fulogi, igiyar tayarwa da sarƙoƙi ba. Fistin ɗin da ya zo da shi, shi ne a ciki har yau.

Abin da ya sa nake son sa shi ne ƙarfin jansa. In ka nutsa shi cikin busasshen itace mai tauri ba ya shaƙewa, a hankali yake ci gaba da ja. Kamfanin na Jamus ne, Andreas Stihl ya kafa shi a 1926, kuma tun shekarun farko suke ƙera injin yankan itace. Injin yana da nauyi, wannan gaskiya ne, kafaɗarka za ta gaya maka da yamma.

Husqvarna na Suwidin, to, ba laifi. 372 XP ɗinsu yana da gudu, kuma tsarin iskarsa yana watsar da ƙura kafin ta kai filta, don haka ba ka yawan wanke ta. Masu sassaɓe rassa suna yabonsa. Ni dai hannuna bai saba da shi ba. Echo na Japan kuwa, irin su CS-590, na mai aikin lokaci-lokaci ne, ba na wanda zai wuni yana kayar da manya ba.

Ba ka tambaya ba, amma bari in ja maka kunne kan 'yan jabu, don na ƙone a kansu. Kafin in sayi wannan, wani ya sayar mini da inji mai launin ruwan lemo da fari, kwali mai sheƙi, ya rantse Stihl ne na asali. Mako uku ya yi. Famfon man sarƙa ya fara mutuwa, ƙarfen da sarƙar ke zagayawa ya yi baƙi don zafi, daga baya fistin ya kama. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne birkin sarƙarsa ado ne kawai. Da ya yi tsalle ya dawo mini a fuska, babu abin da zai tsayar da shi.

In ka je saye, kada ka tsaya kan kwali. Duba lambar injin: ta Stihl lambobi 9 ce, a buge a jikin ƙarfe. Shafa robar, ta jabu tana da kaifi a gefe kuma ba ta zauna daidai ba. Ka sa a tayar a gabanka, ka tura birki da bayan hannu, sarƙa ta tsaya cak nan take. Mai sayarwa da ya ƙi a tayar, ko ya hana ka rasit da takardar garanti, ka bar masa kayansa. Wurin dillalin kamfanin za ka je, ka kuma tambaye shi ko yana da kayan gyara a ƙasa.

Sai gaurayen mai: 50 da 1, wato mililita 100 na man gauraya (man injin da ake haɗawa da fetur) a lita 5 ta fetur. Kada wani ya ruɗe ka ka zuba baƙin man mota. In MS 381 ya yi wuyar samu, ɗauki MS 382, shi ne ya gaje shi.