Allo ko boko: ta ina idon yaro ke farawa?

Jiya a gida nan Argungu na ba yarana biyu hotuna uku, ƙwai da ɗan tsako da kaza, na ce su jera min yadda abin ke tafiya. Ƙaramin da allo kawai ya sani ya faro daga dama, yayarshi 'yar firamare ta faro daga hagu, sai gardama ta kaure wai kowa ɗan'uwansa ne ya birkita.

Ashe ba wanda ya yi kuskure. Mai karatun boko idonshi ba sululu yake bin layi ba, tsalle-tsalle yake, kuma duk inda ya tsaya yana hango harafi wajen 14 zuwa 15 ta dama amma 3 ko 4 kacal ta hagu, a Turanci aka auna wannan. Mai Larabci kuwa abin juyewa yake, hangenshi ya fi faɗi ta hagu tunda can rubutun ya dosa. Ko layi ka ja ka ce a nuna tsakiya, 'yan boko sukan ɗan karkata hagu, masu Larabci ba su kai su ba.

Wahalar ma daban take. Boko sai ya koya ma yaro cewa b da d ba ɗaya ba ne, alhali moɗa ko ka juya ta moɗa ce. Allo kuma ɗigo ne jarabawar, wato bambanta haruffan ba da ta da nun, wallahi nan na ga ido ya fi shan aiki. Ita yarinyar ma da yamma allon take zuwa, gobe zan sake gwada ta bayan an taso.