Gwajin Ciwon Hanta a Wani Ƙaramin Asibiti da ke Tarauni: Abin da Na Gani a Zuwa Uku

Abin da ya fara kai ni wannan wuri shi ne auren ƙanena. Tun bayan da Gwamna Abba Kabir Yusuf ya sanya hannu a kan dokar gwajin lafiya kafin aure a shekarar 2024, takardar gwaji ta shiga cikin abubuwan da ake tanada kafin a ɗaura aure a Kano, kuma daga cikin abin da dokar ta ce a duba akwai ciwon hanta nau'in B da nau'in C, baya ga ƙanjamau da gwajin jini na sikila. Na raka shi ne a matsayin babban wansa, amma muna zaune a benci muna jiran layi sai na tuna cewa ni kaina, da shekara 43 a duniya, ban taɓa yin wannan gwaji ba, saboda haka na biya kuɗin mutum biyu. Daga ranar zuwa yau na je wurin sau uku cikin wata shida, kuma a kan waɗannan zuwa uku na gina abin da zan faɗa. Ƙaramin asibiti ne mai zaman kansa a yankin Tarauni, da ɗakin gwaji a gefensa. Na bar sunansa ne domin kukan da zan yi da shi ya shafi wurare da dama irinsa a cikin gari, bai kamata ya ɗauki laifin shi kaɗai ba.

Aikin hannunsu ba shi da makusa. Ma'aikacin da ya ɗebi jinina ya sa sabuwar safar hannu, ya fasa sirinji daga ledarsa a gabana, da ya gama kuma ya jefa allurar cikin kwalin da aka keɓe mata ba tare da ya mayar mata da murfi ba. Da na tambaya, ya nuna mini ranar ƙarewar wa'adin abin gwajin a jikin takardarsa, bai ɓata rai ba. Sakamako ya fito cikin kamar minti 40, kuma kuɗin gwajin farko abu ne da mai ƙaramin albashi zai iya biya ba tare da ya ci bashi ba. Abin da ya fi kwantar mini da hankali shi ne firjin da suke ajiye allurar riga-kafin ciwon hanta nau'in B, wanda ke aiki da sola, da ma'aunin sanyi a jikinsa da takardar da ake rubuta awon safe da na yamma. Wannan allura tana buƙatar sanyi tsakanin digiri 2 zuwa 8, kuma daskarewa na lalata ta, don haka a garin da wuta ke yawan ɗaukewa wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Sai dai abin da na ji a bencin jira ya fi abin da na gani a ɗakin gwaji tsaya mini a rai. Mu kusan ashirin ne, yawanci samari da 'yan mata masu shirin aure da waɗanda suka rako su, kuma hira ta karkata ga ciwon da muka zo dubawa. Wani dattijo ya ce ai shawara ce kawai, in ido bai yi ɗorawa ba to babu ita, in kuma ta zo jiƙo ke korar ta. Wata baiwar Allah ta ce ta ji ana ɗauka ta gumi, shi ya sa suka ware wa wata maƙwabciyarsu kwano da kofi, har yara aka hana shiga ɗakinta. Wani matashi kuma ya ce shi dai ya san ciwon masu shan giya ne, saboda haka bai ga abin da zai dame shi ba. Babu jahili a cikinsu. Akwai mai shago a Kantin Kwari, akwai ɗalibar jami'a, kuma kusan kowa na riƙe da waya mai intanet. Amma duk maganganun nan uku ba daidai ba ne, kuma kowace ɗaya tana iya cutar da mutum.

Gaskiyar lamarin ita ce ƙwayoyin cutar da ke kama hanta iri biyar ne, waɗanda ake kira A da B da C da D da E. Nau'in A da E ta gurɓataccen ruwa da abinci suke shiga, yawanci kuma suna zuwa su wuce, ko da yake E na da haɗari ƙwarai ga mai juna biyu. Nau'in B da C su ne masu zama a jiki shekara da shekaru ba tare da ido ya canza launi ko mutum ya kwanta ba, har sai hanta ta yi tauri ta ƙanƙance ko ta kamu da ciwon daji. Ba a ɗaukar su ta gumi ko musabaha ko cin abinci a kwano ɗaya ko cizon sauro. Ta jini suke shiga: aska ko reza da aka yi wa wani aiki da ita, almakashin masu yankan farce da ke zagaya kasuwa, kayan kaho da na kaciya da na cire belu idan ba a tsabtace su yadda ya kamata ba, allurar da aka maimaita a kemis, da ƙarin jinin da ba a tantance ba. Nau'in B yana kuma bi ta saduwar aure, sannan daga uwa zuwa jariri lokacin haihuwa, kuma ƙwayarsa na iya rayuwa a busasshen jini a jikin ƙarfe har kwana bakwai ko fiye. Binciken ƙasa da aka gudanar a Nijeriya a 2018 ya gano cewa kashi 8.1 cikin 100 na masu shekara 15 zuwa 64 suna ɗauke da nau'in B, wato kusan mutum ɗaya cikin goma sha biyu, yayin da kashi 1.1 ke ɗauke da nau'in C. Da na ƙirga mutanen da ke bencin nan da wannan lissafi, sai na ga ba maganar wasu can nesa ake yi ba. Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta ce a 2022 mutum miliyan 254 ne ke rayuwa da nau'in B a faɗin duniya, kuma kashi 13 cikin 100 ne kawai a cikinsu aka gwada aka gano.

To, a wurin da masu zuwansa ke ɗauke da irin wannan fahimta, bayani rabin aikin ne, kuma a nan asibitin ya rabu gida biyu. Da sakamakona ya nuna ba ni da cutar, ma'aikaciyar jinya da ke kula da riga-kafi ta zaunar da ni ta ce, "Alhaji, wannan takarda ta ce ba ka da ita yau, ba ta ce ba za ka kamu gobe ba." Ta tambayi shekarar haihuwata, ta bayyana mini cewa sai a 2004 aka sa riga-kafin nau'in B cikin alluran yara a Nijeriya, don haka duk wanda aka haifa kafin wannan shekara da wuya a ce an yi masa yana ƙarami. Ta ce allurar manya uku ce: ta farko yau, ta biyu bayan wata ɗaya, ta uku bayan wata shida da ta farko, kuma nau'in C ba shi da riga-kafi, sai kiyayewa. Ta kuma ce in zo da uwargida, in taho da katin allurar yara ta duba. Da na kawo katunan a zuwa na biyu, ita ce ta lura cewa babbar 'yarmu, wadda aka haifa a gida, ba a yi mata allurar da ake yi wa jariri cikin awa 24 da haihuwa ba, sai na mako 6 da 10 da 14, ta ba da shawarar a gwada ta, aka gwada, alhamdu lillahi lafiyarta ƙalau. Wannan baiwar Allah ta san aikinta, kuma da Hausa mai sauƙi take magana.

Wanda sakamakonsa ya nuna yana ɗauke da cutar, shi ne bai samu wannan kulawa ba, alhali shi ya fi kowa buƙatarta. A zuwana na biyu na ga an miƙa wa wani saurayi takardarsa a kan kanta, a ninke, babu ambulan, mutane na tsaye a bayansa, mai miƙawar ta ce masa, "Malam, ka je ka ga likita," ta kira na gaba. Ya fito harabar asibitin ya tsaya yana juya takardar, da ya gan ni sai ya matso ya ce, "Yaya, don Allah duba mini, me wannan ke nufi?" A gaban harufan HBsAg, wato gwajin nau'in B, an rubuta kalmar da ke nuna an samu cutar. Kafin in buɗe baki ya riga ya yanke wa kansa hukunci cewa aurensa ya rushe kuma kwanansa ya ƙare, idanunsa sun cika da hawaye. Ni ba likita ba ne, abin da na iya shi ne na mayar da shi wurin ma'aikaciyar jinyar nan na roƙe ta ta ba shi lokaci, ta kuwa ba shi. Amma bai dace a ce sai sa'a ta haɗa mutum da baƙo a bakin ƙofa kafin a yi masa bayanin abin da ya shafi rayuwarsa ba, kuma bai dace sirrin lafiyarsa ya bi ta kan kanta a gaban jama'a ba, musamman a garin da ake ware wa mai wannan ciwo kwano.

Abin da ya kamata a faɗa masa a ɗaki a keɓe ba shi da yawa. Gwajin farko na nuna akwai ƙwayar cutar ne kawai, bai nuna ko hanta ta taɓu ba. Sai an sake shi bayan wata shida a tabbatar ko ta zauna a jiki, domin mafi yawan manyan da suka kamu jikinsu na korar ta da kansa, saɓanin jarirai, waɗanda kusan tara cikin goma ke zama da ita har girma. Idan ta zauna, akwai gwajin aikin hanta, da na yawan ƙwayar cutar a jini, da hoton ciki, kuma da su ne likitan hanta a wuri irin Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano zai duba ko lokacin fara magani ya yi, don ba kowa ne ake ɗora wa magani nan take ba. Maganin da ake rubuta sunansa Tenofovir a jikin kwali yana danne ƙwayar ya kare hanta, ƙwaya ɗaya a rana, amma ba ya kawar da ita gaba ɗaya, kuma barinsa ba da izinin likita ba na iya tayar da ciwon. Nau'in C kuwa yau ana warkewa daga gare shi da magungunan sha na kimanin mako 12, a fiye da kashi 95 cikin 100 na waɗanda suka sha. Game da aure, idan nau'in B ne, amaryar da ba ta da cutar za a iya yi mata riga-kafi ta samu kariya, idan kuma matar ce ke ɗauke da ita, ana lura da ita a wurin awo, a yi wa jaririnta allura a ranar haihuwa, kuma za ta shayar da shi nono ba tare da fargaba ba. Duk wannan bai wuce bayanin minti goma ba.

Akwai wasu ƙananan abubuwa da su ma suka rage. Takardun wayar da kai da ke manne a bango, ciki har da wadda ke tunatar da Ranar Ciwon Hanta ta Duniya ta 28 ga Yuli, duk da Turanci aka rubuta su, babu ko ɗaya da Hausa ko ajami. An rubuta farashin gwajin farko a allo, amma na auna yawan ƙwayar cuta, wanda ya ninka shi sau da yawa kuma sai an aika da jinin wani wuri, ba a rubuta ba, sai mutum ya tambaya. Sun karɓi lambar wayata a ranar farko, amma babu wanda ya kira ko ya turo saƙo da lokacin allura ta biyu ko ta uku ya yi. Ƙanena, wanda hidimar biki ta ɗauke wa hankali, sai da na tuna masa da kaina. A bakin titi kuma, taku kaɗan daga ƙofar asibitin, na tarar da mai tallar magani da lasifika yana alkawarin wanke hanta tas cikin kwanaki. Ba laifin asibitin ba ne, amma mutumin da aka sallama da takarda ba tare da bayani ba, wannan murya ce ta farko da za ta yi masa magana da harshen da yake ji, kuma wasu jiƙe-jiƙen da ba a san haɗinsu ba suna ƙara wa hanta nauyi ne.

A zuwana na uku na nemi ganin mai kula da wurin na faɗa masa duk wannan. Ya saurare ni da mutunci, ya ce ƙarancin ma'aikata ne, ma'aikaciyar jinya ɗaya ce ke riƙe da riga-kafi da awo da ba da shawara. Na ga sun fara sa sakamako a ambulan, amma har yanzu a kan kanta ake miƙa shi. Wanda yake son gwaji mai tsabta da allurar da aka adana da kyau zai same su a nan, kuma ni da iyalina a nan muka yi namu. Wanda kuma zai je karɓar sakamako, musamman na aure, ina ba shi shawara ya tafi da wani babba da ya amince da shi, kuma kada ya bar harabar sai ya nemi a shigar da shi wurin ma'aikaciyar jinya ko likita an karanta masa takardar. Allurar uwargida ta uku ta faɗo a wata mai zuwa, na rubuta ranar a bayan katinta, kuma zan tafi da fassarar Hausa ta takardar bangon nan da na yi wa mai kula da wurin alkawari, domin likitansu ya duba ta kafin a manna.