Tiyatar ƙwannafi a Kaduna: aikin ya yi kyau, takardar abincin ce ba tamu ba

Na daɗe ina shan omeprazole, maganin rage tsamin ciki, saboda ƙwannafi, duk wanda na kai wa kuka sai ya ce ulsa ce. Sai da aka zura min na'urar hangen ciki ta baki sannan aka gano ba gyambo ba ne. Ƙofar da ke tsakanin bututun abinci da tumbi ce ta saki, shi ya sa ruwan tsami ke tasowa har maƙogwaro da zarar na kwanta ko na yi sujada.

A wani asibitin kuɗi a nan Kaduna aka yi min aikin, irin wanda ake kira Nissen, sunan likitan da ya fara yin sa a 1955. Saman tumbi ake naɗowa a zagaye ƙasan bututun a ɗinke, ya zama kamar ɗamara. Ba a tsaga min ciki ba, ƴan huji ƙanana aka yi. Da na farfaɗo, kafaɗa ce ta fi cikin ciwo. Nas ta ce, "Malam, iskar da aka hura maka a ciki lokacin aiki ce, ka tashi ka riƙa takawa." Haka kuwa aka yi, ya wuce. Ta wannan fanni ba ni da ƙorafi: ɗaki tsaf, likita mai sauraro, ƙwannafi kuma ya tafi. Kuɗin dai ba kaɗan ba ne.

Inda suka gaza shi ne ranar sallama. Aka miƙo min takardar abinci da ka gani ka san daga intanet aka kwafo ta: jeli, kastad, markaɗaɗɗen dankalin turawa. Babu koko, babu fate, babu tuwo. Mutumin Tudun Wada ya yi yaya da wannan? Ga shi kuma makonnin farko su ne masu wuya, domin wurin ɗinkin yana kumbura, loma ba ta wucewa yadda ta saba.

Maiɗakina ce ta zama likitar abincin. Da farko koko mai ruwa-ruwa, sai romon kaza da aka tace, sai kunun gyaɗa wanda ba a cika masa tsamiya ba. Daga baya muka shiga faten dankali da ƙwai mai laushi. Tuwon shinkafa shi ne ya fara karɓata cikin abinci mai nauyi, amma sai da miyar kuɓewa ko kuka, saboda yauƙin ne ke raka lomar. Ƴar loma kamar ta yaye, a tauna sosai, a dakata, a kurɓi ruwan ɗumi. Kafin in gama rabin kwano yara sun wanke hannu sun fita wasa.

Burodi shi ne mugu. Yana jiƙewa ya dunƙule ya tsaya a ƙirji, ba gaba ba baya, sai yawu ya cika baki. Gurasa ma haka, tsire da kilishi kuwa ba a maganarsu sai bayan an ga likita ya ba da izini. Lemun kwalba na daina gaba ɗaya, don bayan wannan aiki gyatsa ba ta fita da sauƙi, iskar sai ta zauna ta kumbura ciki. Wake da kabeji ma suna yi min haka. Na rame har abokai a Kasuwar Barci suna tambaya ko lafiya.

Wanda magani ke riƙe masa ƙwannafi, ban ga dalilin gaggawa ba. Wanda kuma ya kai inda na kai, aikin ya cancanci kuɗinsa. Amma kafin a sallame ka, ka zauna da likitan tare da wadda za ta riƙa dafa maka, ku lissafa abincin gidanku ɗaya bayan ɗaya, ya faɗa muku makon da kowanne zai shigo. Ka kuma tanadi mai ɗaukar maka kaya a shago, don kusan mako 6 aka hana ni ɗaga abu mai nauyi.